Hattara da mai tallar "Office huɗu a kwamfuta ɗaya"

Assalamu alaikum 'yan uwa masu shagunan buga takardu, da ɗalibai. Abin da ya same ni zan faɗa, kada wani ya bi sahuna.

Wata bakwai da suka wuce wani ya turo talla a zaurenmu na WhatsApp, wai zai sa wa mutum Office (manhajar Microsoft mai ɗauke da Word) na 2010 da 2016 da 2019 da 2021 duk a kwamfuta guda, da lasisin har abada, a kan N15,000. Hujjarsa ita ce kowane kwastoma da irin fayil ɗin da yake kawowa, in ba ka da kowane samfuri sai aiki ya wargaje. Ni kuwa lokacin ɗalibai masu furojet sun ishe ni da ƙorafin shafuka na zamewa. Na tura kuɗi.

Ta AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, ya shiga kwamfutar shagon. Maganarsa ta farko: "Oga, kashe Windows Defender, shi ke hana aiki." A nan ya kamata in farga, don Defender shi ne mai tsare kwamfuta daga miyagun manhajoji. Wanda ya ce ka ɗaure karen gida kafin ya shigo, ai ka san ba gaisuwa ta kawo shi ba. Amma na kashe. Cikin awa ɗaya ga tambari huɗu reras a allo, har godiya na yi masa.

Wata shida cif sai jan layi ya fito a saman Word, wai lasisi ya ƙare. Na kira shi, ya ce in ƙaro N8,000 na "sabuntawa". Da na ce ina har abadan, sai ya toshe lambata.

Mai gyaran da na kai wa ne ya buɗe min ido. Ya danna tambarin 2016, ya shiga File, ya shiga Account, muka karanta sunan. Ya danna na 2019, suna ɗaya. Na 2021 ma haka. Ashe manhaja ɗaya ce, tamburan buɗe ta kawai mai tallar ya jera a allo ya sauya musu suna! Mai gyaran ya ce dama ukun nan, har da Microsoft 365 (Office ɗin da ake biya duk wata ko shekara), duk lambarsu ta ciki 16.0 ce, ba sa zama tare. Lasisin kuma na sata ne, an kwaikwayi tsarin KMS da Microsoft ta tanadar wa manyan ma'aikatu, wanda kwana 180 yake yi sai an sabunta. Ku lissafa, wata shidan ke nan.

Gaskiyar da mai tallar ya fake da ita 'yar kaɗan ce. Tsohon samfuri irin 2010 yana iya zama da sabo, in an fara sa tsohon, kuma duka biyun suka zama nau'i ɗaya, wato 32-bit ko duka 64-bit. To amma 2010 an daina yi masa gyaran tsaro tun 13 ga Oktoba 2020, 2016 da 2019 kuma tun 14 ga Oktoba 2025. Me za ka yi da su? Sabon Word yana buɗe tsohon doc, yana buɗe docx da aka fara tun 2007. Zamewar shafi ma galibi rashin salon harafin da ɗalibi ya yi aiki da shi ne, ya kawo maka PDF an wuce wurin. Wanda ba shi da halin sayen na gaske, LibreOffice, wata manhaja mai aiki irin na Office, kyauta ce, Word na intanet ma kyauta ne in kana da asusun Microsoft.

Ni dai sai da aka wanke kwamfutar tas, na sauya kalmomin sirrin imel da na banki, don ban san me mai tallar ya bari a ciki ba. Kwana biyu shago a rufe. Jiya wani abokin sana'a ya nuna min tallar a wani zaure, hoto iri ɗaya, lamba sabuwa, farashin ya koma N12,000.