Jan ruwa ko ƙwaya? Amsa ga ƙanwata mai jinyar Inna

Ƙanwata, Allah ya ba Inna lafiya. Ƙwayar capécitabine da kike tambaya ba za ta maye jan ruwan da lokotoro ya rubuta mata na kansar mama ba. Ba aikinsu ɗaya ba.

Jan ruwan nan sunansa doxorubicine. Yayata an yi mata shi sau 4 a Yamai, duk bayan kwana 21, haɗe da wani magani, cyclophosphamide. Jan ruwan kutsawa yake cikin zaren gadon ƙwayar halittar kansa, wanda suke kira ADN, ya hana shi warwaruwa, har ya tsinke. Abokin nasa kuma ɗaure zaren yake yi. Ƙwayar kansar da ta kasa kwafar zarenta ba ta iya rabuwa biyu, sai ta mutu. Gashi da jini su ma masu saurin yaɗuwa ne, shi ya sa abin ke shafarsu. Ranar farko fitsarin Yaya ya fito ja, ta kama hannuna tana salati, ashe launin maganin ne. Bayan zagaye na biyu ta ɗora yatsana a wurin kullutun, na ji ya ragu. Kuka na yi. Yanzu gashinta ya tsiro har ana mata kitso. Amma a tabbata an yi wa Inna hoton zuciya tukuna, don maganin yana iya taɓa zuciya.

Ita capécitabine tana aiki, ba na musu. Jiki ke juya ta ta zama tubalin ƙarya, ƙwayar kansa ta ɗauka ta kasa gina zare. Ana sha kwana 14, a huta 7, kuma takan saɓule tafin hannu da na ƙafa. Lokotoro ne ya san lokacinta.

Ni na saye ta, kuma na yi nadama. Wani mai tallar magani a nan Maraɗi ya rantse mini duk ɗaya ne, ga sauƙin kuɗi, ba sai mun hau mota ba. Da na nuna kwalin a asibiti aka hana mu taɓa shi, kuɗin ya tafi. Ki kiyayi masu kawo magani a jaka, ko kwalbar jan ruwan ce. Na ruwan sai a firjin ake ajiye shi, kin kuwa san zafin garinmu. Farmasi kawai, da takardar lokotoro, ki duba ranar lalacewa.

Ki kai Inna a yi mata jan ruwan. In zazzaɓi ya kai 38 bayan an yi, ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne.