Mutane, Elf ko matattu: wace runduna za ka ɗauka a Warcraft III?

Ƙanena ya sayi kwamfuta tokumbo, sai ya same ni a gida Ƙofar Ƙaura da tambayar rundunar da zai koya. Warcraft III, wasan yaƙi na kwamfuta da kamfanin Blizzard ya fitar a 2002, inda kake gina sansaninka ka tara mayaƙa, runduna huɗu ne a ciki, amma shi uku yake wa ido: mutane, Elf na dare (wasu halittun tatsuniya masu dogayen kunnuwa) da matattun da aka tayar.

Na ce masa ya ɗauki mutane, kuma ba don sun fi kowa ƙarfin dantse ba. Su ne ke yafe kuskure. In abokin gaba ya faɗo maka gida ba shiri, danna maɓalli ɗaya ya isa leburorinka masu haƙar zinare su ɗauki makami na ɗan lokaci su tare ƙofa. Kana iya tara magina da yawa kan gini guda ya tashi da wuri, sai dai kuɗin ya ɗan ƙaru. Ga hasumiyoyin tsaro, ka jera su kamar ganuwa. Jaruminsu Paladin yana da wani haske da ke warkar da naka, in kuma ya sauka kan matacce sai ya ƙone shi. Mai intanet irin tamu, da ke tsayawa cak ana tsakiyar artabu, wannan shi ne abin dubawa. Sau nawa na dawo daga yankewar sabis na tarar gidana na nan tsaye?

Matattu suna da ban tsoro, gaskiya. Bokansu na tayar da ƙwarangwal daga gawar da ta faɗi a fili, amma yawancin gine-ginensu sai kan ruɓaɓɓiyar ƙasarsu, kuma ƙarfinsu ya rataya ne kan jarumai. Sabis ya yi maka gardama na daƙiƙa biyu, jarumi ya tafi, shi ke nan.

Elf kuwa 'yan dare ne: da duhu wasunsu ke ɓacewa, da duhu rijiyoyinsu na magani ke cika. Maharbansu ba sa jure duka. Ban taɓa jin daɗinsu ba.

Yanzu batun saye, inda aka ƙone ni. Duk rundunonin huɗu cikin wasa ɗaya suke, don haka duk wanda ya ce ka ƙara kuɗi ya buɗe maka matattu, ɗan damfara ne. Wani mai shago a nan Katsina ya taɓa sayar min da faifai da lambar rajista a rubuce bayan kwali, yana ta rantsuwa sabuwa ce dal. Na kai gida, lambar wani ya riga ya yi rajista da ita, kuma sau ɗaya ake ɗaura ta kan asusu. Da na koma, cewa ya yi, “Yallaɓai, ai kai ne ba ka iya sakawa ba.” Kwafin wasan da ake turawa ta filasha ya fi muni: ba ya shiga wasan intanet na hukuma, kuma sau tari da bairos yake zuwa.

Sabon salon da ake kira Reforged ya fito a Janairun 2020, ta Battle.net, dandalin intanet na Blizzard, ake sayensa. Yana cin wajen GB 30, saboda haka ka lissafa kuɗin data tare da kuɗin wasan, kuma ka duba ko kwamfutar za ta ɗauka kafin ka biya. Ta ƙanena dai sai da muka ƙara mata RAM.