Wata uku ina bitar Kemistiri da manhajar tsofaffin tambayoyin JAMB

Yayana ne ya biya kuɗin kunna manhajar. Ya ce tunda harhaɗa magunguna nake son karantawa, Kemistiri ne zai shigar da ni jami'a ko ya bar ni a gida. Irin manhajojin nan ce da aka tara wa tambayoyin shekarun baya, da zarar an kunna ta ba ruwanta da data. A wayar Umma na sa ta, kullum bayan isha'i ina kai, har wata uku.

Agogon manhajar ne ya fara koya mini hankali. Jarrabawar tambaya 180 ce, Turanci 60, sauran darussa ukun 40 kowanne, duk cikin awa biyu. In aka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Gwajina na farko lokaci ya ƙare ban kai rabin Kemistiri ba, don na tsaya ina kokawa da tambaya guda ɗaya ta lissafin mol, wato ma'aunin yawan sinadari, kamar ita kaɗai aka ba ni. Daga nan na sauya salo: in fara kwashe waɗanda ake amsawa da kallo ɗaya, irin launin takardar litimos da sunayen sinadaran oganik, in dawo wa masu lissafi daga baya. Tunda ba a rage maki don an kuskure, ba na barin gurbi fayau.

Ta kuma nuna mini inda ake ɗana tarko. Ga misali: iskar gas mai 300 cm³ a zafin 27°C, an ɗumama ta zuwa 127°C, nawa za ta koma? Wanda ya manta ya ƙara 273 ya mayar da zafin Kelbin zai samu abu sama da 1,400, kuma wallahi zai iya tarar da amsarsa zaune cikin zaɓin tana jiransa. Amsar gaskiya 400 ce. Sau uku irin wannan ta kayar da ni kafin na rubuta 273 da sauran lambobin da ake haddacewa, irin 22.4 dm³ da 96,500, a takarda na manna a jikin madubi.

Sai dai manhajar kanta ba ta kuɓuta ba. Wata rana ta tambayi giram nawa na tagulla Faraday ɗaya, wato ma'aunin yawan wutar lantarki, zai sauke daga ruwan CuSO₄. Na ce 32, ta ce a'a, 64. Na yi ta maimaita lissafin har na fara zargin kaina. Washegari na kai wa malaminmu.

"Malam, ni ce ban gane ba ko ita ce?"

Ya karɓi wayar, ya ɗan yi murmushi. "Cu²⁺ ilektiron nawa yake buƙata?"

"Biyu, Malam."

"To a raba 64 gida biyu, ke ce daidai. Wanda ya shigar da amsar barci yake ji."

Bayan wannan na ci karo da wasu kurakuran, galibi inda ƙananan lambobin jikin fomula suka zame, sai ka ga C₂H₄ ya koma C24. Bayanin amsoshin ma yawanci layi ɗaya ne, "B ce amsa", shi ke nan. Ƙawata da ta dogara da ita kacokan haddar haruffa ta koma yi, ana sauya lambobin tambaya sai ta rikice. Ni dole na ajiye littafin karatu da silabas ɗin JAMB a gefe, duk abin da na faɗi in koma babinsa, lissafin kuma in yi shi da biro.

Taɓa gilashin waya daban, zama gaban kwamfuta daban. Tunda a kwamfuta ake jarrabawar, kafin ranar sai da na je wata cibiyar kwamfuta sau biyu don hannuna ya saba da madannan A, B, C, D, da N na gaba, da P na baya, da ɗan kalkuletan da ke kan allo.

Mai neman saurin hannu ya saya, za ta yi masa. Amma ya tambaya tukuna ko ana iya mayar da ita wata wayar. Saura mako biyu jarrabawa gilashin wayar Umma ya fashe, aka ce sai mun sake biya. Na tura wa masu manhajar saƙo, har yau shiru, sai Yaya ne ya sake sa hannu a aljihu yana mita.