Gwajin EBV ko gwaje-gwajen asibiti: amsa ga Hajiya

Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Tsakanin gwajin ƙwayoyin cuta na EBV, CMV da HHV-6 da aka ce ki biya a lab mai zaman kansa saboda wannan gajiya da ta ƙi sakin ki, da zuwa wurin likita ya rubuta miki gwaje-gwajen da aka saba, ki ɗauki na biyun.

Ƙanwata ta sha irin wannan fama. Shara kaɗai za ta yi, sai kwanciya har la'asar, dangin miji har sun fara cewa son jiki ne. A Asibitin Malam Aminu Kano muka dace da wata likita mai haƙuri, Allah ya saka mata da alheri. Ta zaunar da ita ta tambayi barcinta, yawan jinin al'adarta, ko tana rama, ko tana yawan jin sanyi, har damuwar gida sai da ta taɓo. Sannan ta rubuta awon jini, suga, ƙoda, hanta, cuta mai karya garkuwar jiki, da tayirod, wato abin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Ashe jininta ne ya yi ƙasa, tayirod ɗin ma ba ya aiki yadda ya kamata. Duka biyun suna da magani, yanzu ta koma koyarwarta a Islamiyya.

Shi kuwa gwajin ƙwayoyin cutar, mun yi shi, takarda ta fito da IgG, wata alamar garkuwar jiki a cikin jini, fositif, ba abin da ta tsinana mana.

Waɗannan ƙwayoyin dangi ɗaya ne da mai kawo ƙarambau, in sun shiga jiki ba sa fita, laɓewa suke yi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da EBV, a nan Afirka kuma tun ana yaro ƙarami ake kamuwa, ta yawu. HHV-6 ma kusan kowane yaro ya gamu da ita kafin shekara 3. To IgG kamar tabon lamba ne a damtse, yana nuna an taɓa haɗuwa, ba ya cewa yau ana yaƙi. Da za a tare mata masu ƙoshin lafiya a Kantin Kwari a auna su, kusan duk fositif za su fito. Inda gwajin ke da amfani shi ne matashi mai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kaluluwa a wuya, nan IgM ake dubawa, wato alamar sabon kamuwa, kuma likita ne zai nema.

Ba wai babu alaƙa tsakanin EBV da gajiya ba ne. Wani bincike a Ostireliya a 2006 ya nuna kusan mutum 1 cikin 10 da suka yi zazzaɓin EBV mai tsanani suna nan da gajiyar bayan wata 6. Amma tun 1988 masana a Amurka suka daina kiran ciwon gajiya mai naci da sunan EBV, don sun kasa tabbatar da ita ce sila a kowa. A Jami'ar Stanford an gwada maganin ƙwayar cuta mai suna valganciclovir a kan mutum 30 kacal a 2013, a 2019 kuma aka gwada wata na'urar awon jini da marasa lafiya 20 da masu lafiya 20. Duk a matakin bincike suke. Har yau babu awon jinin da ke tabbatar da ciwon gajiya mai naci, wanda likitoci ke kira ME/CFS. Da alamomi ake gane shi bayan an kore sauran cututtuka: wata 6 ana fama, barci ba ya wartsakarwa, kai ya riƙa dushewa ko jiri in an miƙe, sannan babbar alamar, ƙaramin aiki yau ya kwantar da mutum gobe da jibi.

Sai ki yi hattara da masu gwajin kwamfuta, waɗanda za su ba ki wani ƙarfe ki riƙe a hannu, allo ya zayyano miki cuta goma, su kuma fito da kwalaben magani daga jaka ɗaya. Yaudara ce. Haka duk mai lab ɗin da zai auna ki ya kuma sayar miki da maganin ƙwayar cuta a teburinsa. Valganciclovir na iya rage ƙwayoyin jini, ba abin sha da ka ba ne. Kar kuma a yi ta ɗura miki maganin taifod a kan gwajin Widal kaɗai.

Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika yi da yadda kika tashi washegari, ki tafi da shi Malam Aminu Kano ko Murtala, ki yi sammako. In komai ya fito lafiya lau kuma gajiyar na nan, ki ambaci ME/CFS da bakinki. Kar ki yarda a matsa miki da motsa jiki na dole, Ingila ma ta cire shi daga ƙa'idarta a 2021. Kuɗin gwajin EBV ɗin ki riƙe su, tayirod da awon jini za su buƙace su.