CCNA ta yi min rana, amma cibiyar da na yi kwas ɗin ta cuce mu

Masu tambaya ko CCNA, wato satifiket ɗin harkar netwok na kamfanin Cisco, ta ci kuɗinta, ga nawa labarin. Aikin IT nake a wani kamfani a Kano, gyaran kwamfuta da jan kebul, shekara da shekaru ba ƙarin girma, shi ya sa na shiga kwas ɗin a wata cibiya da ake ta tallarta a Facebook.

Ranar rajista mai wurin ya ce akwai lab cike da rauta da suwic na Cisco, wato na'urorin haɗa netwok, kowa zai taɓa da hannunsa. Wallahi rauta biyu muka tarar a kan tebur duk ƙura, ɗaya ma ba ta kamawa, kebul ɗin da ake jona laftof da shi guda ɗaya ne ana bin layi, kafin ya zo kanka an ɗauke wuta kuma a ce ba mai a janareto. Ƙarshenta komai a Packet Tracer muka yi, manhajar kwaikwayon netwok a kwamfuta da Cisco ke bayarwa kyauta, ko a ɗakina zan iya. Abin da ya fi ƙona min rai ranar gamawa aka miƙo mana takarda mai tambarin cibiyar wai ita ce satifiket. Da muka yi magana sai ya ce ai jarabawar Cisco daban ce, lambarta 200-301, dala 300, ku je ku biya ta Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da ita. Haba malam, me ya hana ka faɗa tun farko? Kowa ya san yadda dala take.

Sai da na shiga adashi na haɗa kuɗin, na zauna jarabawar ta minti 120, Allah ya taimaka na ci. Gaskiya daga nan abubuwa suka canza, da aka zo raba netwok ɗin ofis kashi kashi ni oga ya ba aikin maimakon a kira ɗan kwangila, aka ƙara min albashi, ba yawa amma an ƙara. In kana harkar netwok ka yi ta.

Sai dai shekara 3 take yi ta mutu, sai ka sabunta, wani kuɗin ke nan. Kuma har yau in na wuce ta gaban cibiyar nan raina ɓaci yake, akwai waɗanda muka yi aji tare da suka sayar da waya suka biya kuɗin kwas, har yanzu ba su samu na jarabawar ba.