Wayarin gidajen Amurka da farar waya guda

Yaya, barka da aiki, ya gida ya yara? Ka ce in kwatanta maka wayarin nan da namu tunda ginin ka ya kai rufi.

Wutar gida a nan bolt 120 ce, tamu 230. Layi biyu ke shigowa gida, tsakaninsu 240, shi ake ba kukar girki da babban AC. To, masu wayarin nan suna da wata dabarar rage kashe waya: su ja laif biyu, wato wayoyin da ke kawo wuta, baƙa da ja, su haɗa su a kan nutural guda, wato farar wayar da wutar ke komawa ta cikinta. Idan kowace laif ta fito daga layinta daban, bambancin wutar kawai farar ke ɗauka: baƙa na jan amfa (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya) 12, ja na jan 10, farar 2 kacal. Amma idan wani ɗan koyo ya ɗora su a layi ɗaya, sai farar ta ɗauki 22, kuma ba ta da bireka da zai faɗi ya yanke wuta idan ta yi yawa. Haka za ta yi ta zafi cikin bango, gidajen nan kuwa galibi katako ne.

Idan farar ta kwance kuma, kayan da ke jone su raba 240 tsakaninsu, ƙaramin ya ƙone. Ka tuna daren da nutural ya tsinke a taransifomar unguwa, kowa ya wayi gari da mataccen talabijin? Shi ne dai, cikin gida ɗaya.

Tun 2008 dokar wayarinsu, NEC, ta ce birekokin laif ɗin biyu a ɗaure hannayensu da ɗan ƙarfe, ko a sa mai baki biyu, su faɗi tare. Na buɗe akwatin birekokin gidan da nake haya a Bronx, tsohon gida ne, na tarar babu ɗaurin. In babu ɗaurin, mutum na iya kashe bireka ɗaya ya zaci ya tsira, farar ta ja shi. Sai da mai gida ya kira mai wayarin da ke da lasisi.

Kuɗin aikinsu fa da tsada, kiran kawai sai ka ji a jikinka. Amma waya jan ƙarfe ce tsantsa, kaurinta a rubuce, kuma babban aiki sai jami'in gari ya zo ya duba. Wannan na fi ƙyashi.

Ka ce wa mai wayarinka kowane layi da nutural ɗinsa, ya kuma ɗaure sukurori tam. Gobe zan tura kuɗin wayar. A gaida Inna.