Botar da ke rage maiƙon jini: wasiƙa daga Ingila zuwa Argungu

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Ka ce in aiko masa da botar nan da na nuna maka ta waya. Bari ka ji labarinta daga tushe tukuna.

A nan Ingila, daga shekara 40 zuwa 74, ana kiran mutum duba lafiya kyauta duk bayan shekara biyar. Takarda ta same ni har gida, na je, aka ɗebi jinina, aka auna hawan jini da nauyi. Bayan 'yan kwanaki ma'aikaciyar jinya ta ce kolestarol ɗina ya haura, wato maiƙon nan da ke taruwa a jijiyoyin jini har ya toshe su. Wallahi, Yaya, lafiyata lau nake ji, ko ciwon kai babu. Abin da ya tsaya min a rai ke nan. A gida mutum nawa muka sani da ba a gano komai ba sai da suka yanke jiki suka faɗi, ɓarin jiki ya shanye?

Daga nan na fara lura da kayan da ke cikin firjin kanti. Akwai Benecol, wadda aka fara sayarwa a ƙasar Finlan a 1995, akwai Flora ProActiv. Wasu bota ce ta shafa wa burodi, wasu yogot ne a 'yan ƙananan robobi da ba su wuce kurɓa uku ba. An zuba musu sinadaran tsirrai da ake kira sitanol da siterol. Ƙirarsu kusan ɗaya da ta kolestarol, shi ya sa idan suka haɗu a hanji sai su tare masa hanya, wani kaso nasa ya fita ta bayan gida maimakon ya shiga jini. Giram 1.5 zuwa 2.4 a rana yana sauke mugun kolestarol da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a mako biyu zuwa uku, kuma tare da abinci ake sha.

Abin da ya fi burge ni shi ne rubutun jikin robar. Sun faɗi giram nawa ke ciki, sun ce kada a wuce giram 3 a rana, kuma ba a yi shi don mai ciki, mai shayarwa ko yaro ƙasa da shekara biyar ba. Nan take na tuna masu maganin wanke jini da ke yawo da lasifika ranar kasuwa, gora ba rubutu, ba wanda zai ce maka ga abin da ke cikinta.

Duk da haka ba zan aiko ba. Ta fi botar yau da kullum tsada sosai, kuma da ka daina, kolestarol ya koma inda yake. Yogot ɗin ma sai da sanyi, ga zafin Kebbi ga ɗauke wuta. Likitocin nan kansu ba sa rubuta wa mutum ita, domin ba a tabbatar tana hana bugun zuciya ba kamar yadda aka tabbatar ga ƙwayar sitatin, wato maganin rage kolestarol da likitoci ke rubutawa.

Sinadaran nan suna cikin riɗi, gyaɗa, wake da man gyaɗa. Sai dai abincin yau da kullum bai cika ba mutum fiye da miligiram 200 zuwa 400 a rana ba, don haka kada a ce wa Baba kantu ko ƙuli-ƙuli magani ne. Inda za a fi samun sauƙi shi ne man shanun da ake malala masa a kan tuwon shinkafa, da balangu mai kitse, da kayan ciki. A rage su. Ga kifi a bakin ƙofarku, wanda ni a nan sai na yi lissafi kafin in saya. A yawaita masa kwaɗon zogale da faten wake.

Na turo kuɗi jiya. Don Allah ka kai shi Birnin Kebbi da sassafe kafin ya karya, a auna masa kolestarol da suga. Ka nuna wa likita sakamakon, sannan ka ɗauko min hoton takardar. A gaida Inna da yara.